Mota mai ɗaki zuwa ruwan Wli da dutsen Afadjato: ku ba ni shawara kafin Yaya ya sauka

Mustapha Maamobi

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Yayana yana Hambug a ƙasar Jamus, shekara 19 ke nan. Bayan rasuwar Baba shi ya riƙe gidanmu. Shi ya saya mini keken ɗinkina na farko, shi ya gyara ɗakin Mma lokacin da ambaliyar 3 ga Yuni 2015 ta shiga mana gida har katifa ta tashi tana yawo a tsakar ɗaki. Tun da nake ban taɓa ce masa a'a ba. A watan Janairu ya aiko da mota ta tashar jirgin ruwa ta Tema, irin mai ɗaki a baya, Fiat Ducato ƙirar 2004. Akwai gado biyu a ciki, da murhun gas, da firji, da tankin ruwa, har da ɗan bayi. Lungunmu ba ta shiga, don haka tana gidan wani abokina a Ashaiman, duk Juma'a bayan masallaci nakan je in tayar da ita.

Mma haifaffiyar Zongon Hohoe ce, aure ya kawo ta nan Ankara, babban birnin Ghana, tana 'yar shekara 17. Tana yarinya mahaifinta ya taɓa kai su ruwan Wli, ruwan da ke zubowa daga saman dutse kusa da Hohoe, sau ɗaya, kuma har yau in an ɗauke wuta muna zaune a waje labarin da take ba jikokinta ke nan: jemagu sun rufe fuskar dutse kamar an shanya baƙin zane, feshin ruwan ya jiƙa mata ɗankwali tun kafin ta ƙarasa wurin. Yaya ya ji wannan labarin tun yana ƙarami. Burinsa ya mayar da ita can, mu kwana a gindin dutse cikin motar kamar yadda abokan aikinsa ke yi in sun sami hutu.

Zai sauka 14 ga Yuni, hutun kwana goma aka ba shi. Tsarina shi ne mu tashi bayan asuba, mu haye gadar Adomi, mu gaida dangi a Hohoe, mu kwana Wli. Washegari ruwa. Rana ta uku Liati Wote mu hau Afadjato. Ta huɗu Amedzofe, daga nan gida. Matsalar ita ce na ce masa an gama shirya komai, alhali ban san ko ina ake yarda mutum ya ajiye mota ya kwana ba, ban san halin hanya ba. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Alhaji Sulley Nima

Wa alaikumus salam. Mustapha, ka saurare ni da kyau. Shekara 31 na yi a kan sitiyari, Ankara zuwa Bawku, Kumasi zuwa Yamai, ba hanyar da ban taka ba. Yuni tsakiyar damina ce, ba a hawan dutse a Yuni, wannan magana ta ƙare. Na biyu, ka cire Amedzofe daga lissafinka. Hawan ba shi ne abin tsoro ba, saukowa ce. Kwana a kan kwana, mota mai nauyi, wanda bai saba ba zai ɗora ƙafa kan birki har ya yi zafi ya daina kamawa. Da giya ta biyu ake saukowa, inji ya riƙe mota. Na ga abin da birki ya yi wa mutane a gangaren Aburi, ba labari aka ba ni ba. Kuma irin motocin nan cikinsu a ƙasa yake, bayansu dogo, rami ɗaya zai fasa maka tankin ruwa. Wa ma zai tuƙa? Ba ka faɗa ba.

Hajiya Ramatu Sabon Zongo

Ni tambayata ɗaya, wa ya biya kuɗin fito? Motar da ta haura shekara goma sai an ɗora mata tarar tsufa a kan kuɗin kwastan. Ƙanena da ke Italiya haka ya yi mini, ya turo mota ba shawara, ya ce Yaya ki fito da ita zan turo miki. Atamfofina na ajiya na sayar, na ci bashin adashi, na yi wata guda ina sintiri Tema. Yau shekara shida ko sisi bai maido ba, da ya zo ma cewa ya yi an goge masa fenti. Mutanenmu na waje suna can suna mafarki, mu ne nan muke biya.

Mustapha Maamobi

Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, amma Yayana ba haka yake ba. Na cika wani abu daga aljihuna, da son raina ne, kuma ba zancen da ya kawo ni ke nan ba. Alhaji, ranar ba ni na zaɓa ba, wurin aikinsa ne suka ba shi. Ni da shi za mu riƙa karɓar juna a tuƙin.

Zainab Madina

Yaya Mustapha, na je Wli sau biyu, na hau Afadjato sau ɗaya, bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Baba Alhaji, da girmamawa, ban yarda cewa Yuni ba ta yiwuwa ba. Da damina ne ruwan yake cika, da ƙarfinsa, yadda Mma ta san shi. Na koma a Janairu na tarar ya ragu, hazon hunturu kuma ya rufe duwatsu. Abin da ake yi shi ne sammako, a gama tafiya kafin hadarin yamma.

Daga Hohoe zuwa Wli wajen kilomita 20 ne. Akwai ofishin baƙi a bakin gari, can ake biya a ba ku ɗan rakiya, domin wurin gandun da ake karewa ne, Agumatsa. Ruwan kashi biyu ne. Na ƙasa tafiyar kamar minti 45 ce a shimfiɗaɗɗiyar hanya cikin inuwa, ana ta haye ƙananan gadoji kan rafi ɗaya. Tsohuwa mai ƙarfin ƙafa za ta iya in ana hutawa, ku riƙe mata kujerar roba. Na sama kuwa awanni ne na hawa mai wuya, kada ma a yi zancensa da Mma. Afadjato a makaranta mita 885 aka koya mana, hawan bai kai awa biyu ba, amma a miƙe yake, wani wurin da hannu ake kama saiwar itace. In an kwana ana ruwa santsi yake yi, ku tambayi 'yan rakiya da safe, in sun ce a bari ku bari. Ruwan Tagbo yana nan Liati Wote ɗin, tafiyarsa ta fi sauƙi.

Batun kwana, akwai masaukai a Wli da ke barin baƙi su kafa tanti a harabarsu in an biya. Ka kira su tun yanzu ka faɗi tsawon motar da tsayinta, don ƙofa. Kada ku kwana a bakin hanya. Kowa ya riƙe katinsa na Ghana, Yaya ya riƙe fasfo, akwai shingen bincike a Asikuma kuma Wli bakin iyakar Togo take.

Alhaji Sulley Nima

Zainab 'yata, ke a trotro, motar haya, kika je da jaka ɗaya a baya. Mu maganar tan uku da rabi muke yi da tsohuwa a ciki. Zuwa sau biyu bai zama sanin hanya ba. Na faɗa, a bari sai Disamba.

Issah Tudu

Ai hanyar nan ta gabas da za ku bi zuwa Hohoe ba ta da kyau. Kowane zaɓe sai an yi mana alkawarinta. Na kai kaya Nkwanta na rasa taya biyu rana ɗaya, mai kayan kuma ya cire daga kuɗina kamar ni na haƙa ramukan. Direba a ƙasar nan ba shi da gata wallahi.

Abdul Basit Aboabo

Ni makanike ne a Suame Magazine, Kumasi. Maigida Mustapha, tayar da mota duk Juma'a ba gwaji ba ne. Ka duba gefen kowace taya, akwai lamba huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Irin waɗannan motocin zama suke yi, sai ka ga zanen taya sabo amma robar ta tsufa ta tsattsage. Ka tambayi Yaya yaushe aka canza bel ɗin inji, in bai sani ba a canza, in ya tsinke a hanya injin ne ya tafi. A canza man birki, a duba lagireto. Bakin tukunyar gas ta Jamus ba irin namu ba ne, kada ka bar wani ya haɗa maka da tiyo da waya. Kuma ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya kada a shigar da kurfoti, murhun gawayi, cikin motar, hayaƙin gawayi ba ya wari, a barci yake ɗaukar mutum.

Wane lasisi gare ka? B iyakarsa kilo 3000, wannan motar ta C ce. Sannan ku nawa ne?

Mustapha Maamobi

B gare ni, amma shekara tara ina tuƙi ban taɓa goge ko kaza ba. Mu bakwai ne: ni, Yaya, Mma, maiɗakina da yara uku. Kujeru masu bel huɗu ne, yaran za su zauna kan gadon baya, ai ba gudu za mu yi ba. Da dare ni da Yaya da babban yaron mu kwana a tanti.

Abdul Basit Aboabo

Yara kan gado mota na tafiya? Birki ɗaya a Juapong za ka tsince su a gaban mota. Kuma in wani abu ya faru da lasisin da bai dace ba, inshora ba za ta san ka ba.

Malam Haruna Alajo

Allah ya saka maka da alheri da ka yi niyyar faranta wa mahaifiya. Ankara zuwa Hohoe ya haura kilomita 200, ya wuce mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade, don haka za ku yi ƙasaru matuƙar ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba. Ku riƙe buta da tabarma, ku yi salla a waje inda ƙasa ke da tsarki, ruwan bayin motar kuma a zubar da shi a masai, ba a rafin da mutanen gari ke sha ba. Abin da ke damuna shi ne yaranmu da ke kwasa zuwa Kwahu lokacin Ista, kwana uku ba wanda ya kalli gabas, in ka yi magana a ce Malam ya tsufa. Nawa ɗan ma bara sai a hoto na gan shi a can.

Hajiya Ramatu Sabon Zongo

Duk kuna ta taya da birki. An tambayi Mma kuwa? Shekarunta nawa, yaya ƙafarta? Macen da ta daɗe ba ta ga gida ba, ta isa Hohoe, danginta su bar ta ta kwana cikin mota a daji? Ai abin kunya ne gare su. Ku sauke ta gidan 'yan'uwanta ta ci tuwo ta yi hira, da safe ku ɗauke ta ku kai ta ruwan.

Mustapha Maamobi

Hajiya, shekararta 68, tana da ciwon suga da ɗan ciwon gwiwa, amma kullum da ƙafarta take zuwa kasuwar Nima ta dawo. Ba mu faɗa mata ba tukuna, Yaya yana so sai ya zo ya nuna mata motar da kansa. Dangin Hohoe kuma akwai wata tsohuwar magana ta gado tsakaninsu da ita, gaisuwa kawai za mu yi mu wuce. Ku fahimce ni, mutumin nan shekara uku yana tara kuɗin motar nan yana aikin dare. Ba zan tare shi a filin jirgi in ce masa a fasa ba.

Zainab Madina

Mai suga dole ta san da tafiyar tun da wuri, Yaya, don maganinta da lokacin cin abincinta. Ku sa dabino ko alewa a aljihu ranar ruwan, da gidan sauro na masu tanti. Yaran kuma a samo ƙaramar mota ta biyo ku, shi ke nan an rabu da zancen bel.

Alhaji Sulley Nima

To ga magana ta ƙarshe. Lasisina ya fi ƙarfin wannan motar. In dai dole sai Yuni, ni zan tuƙa ku, ba na son ko sidi ɗaya, albarkacin tsohuwa. Sharaɗina uku: a kawo motar wurin yarona a Abossey Okai ya duba ta, a bar yara a gida, a cire Amedzofe.

Zainab Madina

Baba, in ka shiga kun zama biyar manya, bel huɗu ne. Kuma Amedzofe ce ta fi ko'ina kyau, ba garin da ya kai ta tsayi a Ghana, daga kan dutsen Gemi inda gicciyen ƙarfen nan yake ana hango tafkin Volta. A bar motar a ƙasa a hau da tasi mana.

Alhaji Sulley Nima

Da tasi ko da jirgi, ni na gama magana.

Mustapha Maamobi

Na gode Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma yara ba za a bar su ba, saboda su ga inda kakarsu ta fito ake tafiyar. Yanzu muka gama waya da Yaya, ya sayi tanti biyu da takalmin tafiya na Mma, har ya tambaye ni lambar ƙafarta yana ta murna. Ban iya ce masa komai ba. Gobe zan je Ashaiman in duba lambar tayoyin. Akwai wanda ya bi Asikuma zuwa Have a cikin watan nan ya faɗa mini yadda hanyar take?