Me ya sa ƙungiya ke cin kofin NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, sannan ta watsar da ƴan wasanta?

Ɗan Zongo: Assalamu alaikum masana kwando. Boston ta ci kofi a 2024, shekara ɗaya tak sai ga ta ta miƙa Jrue Holiday ga Portland, Porzingis kuma ga Atlanta. Phoenix ta tara Durant da Booker da Beal, amma a kakar 2024-25 ko wasannin fidda gwani ba ta shiga ba. Rowar masu ƙungiya ce, ko akwai wata doka da ba mu gane ba?

Malam Lissafi: Wa alaikumus salam ƙanena. Doka ce, ta cikin yarjejeniyar NBA da ƴan wasa da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2023. Ga adadin kakar 2024-25, kuma dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta Maradi mai tamma biyar ba. Ƙaidin albashi, wato iyakar da aka sa wa jimlar albashin ƴan wasan ƙungiya ɗaya, miliyan 140.6. Wanda ya haura miliyan 170.8 ya shiga biyan haraji. Sama da nan akwai shinge biyu, abin da suke kira apron: na farko 178.1, na biyu 188.9.

Haraji ba ya tsorata mai kuɗi, biya yake ya wuce. Shinge na biyu ne ke ɗaure hannun manaja. In kana samansa ba ka haɗa albashin mutum biyu a musaya. A ce kana da mai miliyan 20 da mai miliyan 15, kana son wani mai 35 a wata ƙungiya: cinikin ya mutu tun ba a taya ba. Ba ka saka tsabar kuɗi cikin musaya. Ba ka karɓar albashin da ya fi wanda ka fitar. Kason nan na matsakaicin albashi da ake ɗauko gogaggen ɗan wasa da shi, an ƙwace maka. Kuma ana daskarar da zaɓenka na zagayen farko na shekara bakwai gaba, wato damarka ta ɗaukar sabon matashin ɗan wasa a zaɓen da ake yi kowace shekara, ba ka sayar da shi. Ka zauna sama kaka uku cikin biyar, a jefa zaɓen can ƙarshen zagayen.

Boston ta ga tauraronta Tatum ya tsinke jijiyar agara a Mayun 2025, ta san kakar gaba ba ta kofi ba ce, sai ta sauko ƙasa da shingen. Lissafi ne.

Hajiya Maki Uku: Malam ya faɗi dokar, bari in nuna inda Phoenix ta yanka kanta. Babban albashi kashi ne na ƙaidin: 25 cikin ɗari ga wanda bai kai shekara bakwai a gasar ba, 30 ga mai bakwai zuwa tara, 35 ga mai goma. A 2024-25 Durant da Beal da Booker kowannensu na wajen miliyan 50, jimla kusan 150. Mutum uku sun cinye ƙaidin gaba ɗaya har da ƙari. Tsakaninsu da shinge na biyu saura kamar 38, ga gurbi goma sha biyu. Da me za ka sayi mai raba ƙwallo na kirki, da dogon da zai tsare ƙarƙashin kwando? Ukun nan duka masu jefa ƙwallo ne daga tsakiya, aikinsu iri ɗaya. Beal kuma yana da sharaɗin da ya hana a musanya shi sai da yardarsa. Suka gama da ci 36, faɗuwa 46. Durant ya tafi Houston, aka sallami Beal a Yulin 2025, ragowar kuɗinsa aka shimfiɗa bisa shekara biyar: wajen miliyan 19 kowace kaka ga mutumin da ke wasa a wata ƙungiya.

Dubi Oklahoma City. A 2019 manajanta Sam Presti ya ba Clippers Paul George, ya karɓi Shai Gilgeous-Alexander da Gallinari da zaɓen zagayen farko biyar. Ɗaya cikinsu ya zama Jalen Williams, na 12 a 2022. Kakar da suka ci wasa 68 suka doke Indiana 4-3 a ƙarshe, albashin Williams bai kai miliyan 5 ba, kuma ko sisin haraji ba su biya ba. Sai dai sabon kwantiragin Williams da na abokin wasansa Holmgren na fara aiki a 2026-27, su ma ranar tasu na tafe.

Baban Gobir: Hajiya, na yarda da lissafinki, amma kada a ɗora wa doka komai. Ba shinge ya sa Dallas ta ba Lakers Luka Doncic a Fabrairun 2025 ba. Yaro ɗan shekara 25, wanda ya kai su wasan ƙarshe wata takwas kafin nan. Gudun ba shi kwantiragin miliyan 345 na shekara biyar, wannan ana iya muhawara a kansa. Abin da ba ya da hujja shi ne yadda aka yi cinikin. Ko tinkiya ka kai kasuwa, ka bari dillalai uku su taya. Nico Harrison, manajan Dallas a lokacin, da Lakers kaɗai ya zauna, ya dawo da Anthony Davis mai shekara 31 da tarihin rauni, da Max Christie, da zaɓe guda na 2029. Kwatanta da biyar ɗin da Presti ya karɓa. Davis ya ji rauni a wasansa na farko. Sa'a ce ta rufa musu asiri, ƙuri'ar wanda zai fara zaɓe ta faɗo musu duk da damarsu 1.8 ce cikin ɗari, suka ɗauki Cooper Flagg. Harrison dai an sallame shi a Nuwamban 2025.

Ɗan Zongo: Na gode iyayen gida. Ke nan shi ya sa daga 2019 zuwa 2025 ƙungiya bakwai dabam-dabam suka ɗau kofin?

Malam Lissafi: Rabi da rabi. Toronto da Lakers da Milwaukee da Golden State da Denver duk sun ci kafin shingen ya fara aiki, can rauni da tsufa da tafiyar taurari ne suka hana maimaici. Daga Denver ne dokar ta fara cizo: ta bar Caldwell-Pope ya tafi Orlando a 2024, Minnesota kuma ta sake Towns ga New York a shekarar.