Me za mu kira CRF da Hausa?

Mai shirin lafiya a rediyo: Jama'a, a taimaka. Ina haɗa shiri kan fargaba da matsin rayuwa, sai na ci karo da haruffa uku, CRF, wasu littattafan kuma CRH suke rubutawa. Na fahimci sinadari ne da ƙwaƙwalwa ke saki idan mutum ya shiga tsaka mai wuya. Na so in ce "sinadarin damuwa", to amma makon jiya na riga na raɗa wa kotizol, wani sinadarin da jiki ke saki a irin wannan hali, wannan sunan. Ba a sa wa 'ya'ya biyu suna ɗaya a gida ɗaya. Me kuka gani?

Malamin bayoloji: Hajiya, kafin raɗin suna a ga jaririn tukuna. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki, hayifotalamas. Shi ke sakin CRF cikin wasu siraran jijiyoyin jini, ya gangara zuwa fitutari, wata 'yar tsoka da ba ta wuce ƙwayar wake ba. Ita kuma ta saki ACTH, wato kotikoturofin, ya bi jini har zuwa adirinal da ke zaune a kan kowace ƙoda, daga nan kotizol ke fitowa. Idan kotizol ya yi yawa sai ya koma sama ya ce wa hayifotalamas ya isa haka. Sunan CRF na Turanci, Corticotropin-Releasing Factor, ma abin da yake nufi ke nan: mai sa a saki kotikoturofin. Ni da "masakin kotikoturofin" nake koya wa ɗalibaina.

Mai shirin lafiya: Malam, in na faɗi "masakin kotikoturofin" a iska, kafin in kai ƙarshen kalmar an murɗa tasha. Ga shi kunne zai ji kamar masaƙi nake nufi.

Ɗalibar likitanci: "Sinadarin tsoro" fa? Ko "na firgici"? Ai ba a hayifotalamas kaɗai yake ba, akwai shi a amigdala, sashen da ke kula da tsoro.

Likita: Ƙanwata, kin taɓo wuri mai kyau, amma sunan ya yi masa kaɗan. Gaskiya ne yana aiki a amigdala, yana kuma zaburar da cibiyar da ke watsa noradirinalin, sinadarin da ke farkar da hankali, a ƙwaƙwalwa, mutum ya zama a ankare, barci ya ƙaurace, abinci ya fita daga rai. Ɓeran da aka zuba wa shi a ƙwaƙwalwa yakan rakuɓe a lungu, ya ƙi fitowa fili, ya bar cin abinci. Har hanji bai tsira ba: yana rage saurin tumbi, ya ƙara na babban hanji. Ku tuna ɗalibi a ƙofar ɗakin jarrabawa, kokon da ya sha da safe ya tsaya masa a ƙirji, ga shi yana waige-waigen ina ne bayi. Da Bahaushe ya ce "cikinsa ya ɗuri ruwa", abin da ya gani ya faɗa.

Sai dai ba kullum tsoro ne ke tayar da shi ba. Mutum lafiyayye, hankalinsa kwance, wannan layin na aiki a jikinsa dare da rana, kotizol ya kai ƙololuwa da sassafe don shirya jiki ya tashi. Zazzaɓi na tayar da shi, ƙarancin sukari a jini ma haka. Abin da ya fi ba ni mamaki tun ina makaranta shi ne mabiyiya ma na ƙera shi, yana ta hauhawa a jinin mai ciki yayin da haihuwa ke matsowa. Yanzu a ce wa mai tsohon ciki jininta cike yake da "sinadarin tsoro"? Mun ƙara mata wani tsoron.

Mai shirin lafiya: To ashe "damuwa" ma ba ta dace ba ke nan, ko da ban ba kotizol ba.

Likita: Ba ta dace ba. Kuma mu yi hattara da sunan da zai sa a ɗauka an gano tushen cutar damuwa ɗungurungum. A 1984 an samu CRF da yawa a ruwan laka na masu ciwon damuwa mai tsanani, daga baya aka ga irin haka a tsofaffin sojojin da yaƙi ya bar wa tabo a zuciya. Kamfanonin magani suka zuba kuɗi wajen ƙera magungunan da ke toshe makarɓarsa ta farko, wato gurbin da yake maƙalewa a jiki don ya yi aiki, mai suna CRF1. A ɓeraye abin ya yi kyau. Da aka gwada a mutane masu damuwa da fargaba, ba su yi abin kirki ba. Wanda ya samu shiga kasuwa, a Amurka a ƙarshen 2024, na wata cutar adirinal ce da ake haihuwar yaro da ita, ba ruwansa da fargaba.

Malamin Hausa: Na bi bayananku. Abin da na ji shi ne wannan sinadari ba shi ke yaƙin ba, shi ke tara mayaƙa. Kalmar na nan a hannunmu. A dā in abu ya taso, sarki kan sa a yi yekuwa, kowa ya ji ya shirya. Ba yaƙi kaɗai ake yi wa yekuwa ba, ana yi don aikin gayya, ana yi don sanar da ganin wata. Ga shawarata: "sinadarin yekuwa". Na yi tunanin "gangami", amma 'yan siyasa sun riga sun cinye ta, kana faɗa sai a hango lasifika da fastoci. "Sanƙira" ma ta zo mini, sai na ga ta fi tuna wa mutane biki da roƙo.

Malamin bayoloji: Malam, ta yi daɗin faɗi, amma ina da ja. Adirinalin fa, sinadarin nan da ke sa zuciya bugu da sauri? Ɗan acaɓa ya taho a guje, yaro ya faɗo titi, ya taka birki. Faɗuwar gaban nan ta nan take, da jiƙewar tafin hannu, aikin jijiyoyi ne da adirinalin, cikin daƙiƙoƙi. Kotizol sai bayan minti 20 zuwa 30 yake kaiwa ƙoli, lokacin ya sauke fasinja yana shan ruwan leda. Ba za a ce adirinalin ne ya fi cancantar "yekuwa" ba?

Malamin Hausa: Adirinalin ai mayaƙi ne, shi ke bugun zuciyar da kansa. Mai yekuwa kira yake yi, wasu su yi aikin. Kai da bakinka ka ce CRF faɗa wa fitutari yake yi, ita ta aika, adirinal ya fitar.

Likita: Na goyi bayan Malam. Sunan ya bar ƙofa a buɗe ga safiya da haihuwa da zazzaɓi, ya kuma ba mu hanyar bayyana cutar: matsalar na zuwa ne idan an yi ta yekuwa ba a dainawa, gari ya kasa barci. Sharaɗina ɗaya, a rubuce a riƙa haɗawa da CRF a ambaton farko, don ɗalibi ya gane shi a littafi da takardar jarrabawa.

Hajiya, ga tsarabar da za ki ƙawata shirin. Tun 1955 masu bincike a Kanada da Amurka suka nuna alamar akwai shi, amma aka shekara 26 ba a kama shi ba. Roger Guillemin da Andrew Schally sun yi ta farautarsa, suka kama wasu sinadaran hayifotalamas, har suka ci kyautar Nobel a 1977, shi kuwa ya ƙi kamuwa. Sai a 1981 Wylie Vale da abokan aikinsa a Cibiyar Salk ta Kalifoniya suka tace shi daga ƙwaƙwalen tumaki kusan rabin miliyan, suka gano sarƙa ce mai ƙwayoyin amino 41, wato ƙananan tubalan da ake gina furotin da su.

Ɗalibar likitanci: Rabin miliyan! Layyar shekara nawa ke nan? To urokotin, ɗan'uwansa da aka gano a 1995, shi kuma me za a ce masa?

Malamin Hausa: 'Yata, a bari mu ga ko wannan ya zauna a bakin mutane tukuna.

Malamin bayoloji: Na sallama, amma a aji zan ci gaba da zana layin nan uku, hayifotalamas zuwa fitutari zuwa adirinal, a allo. Sunan ba zai yi wa ɗalibi wannan aikin ba.

Mai shirin lafiya: Na gode ƙwarai. Na rubuta: "CRF, wato sinadarin yekuwa, wanda ƙwaƙwalwa ke saki don shirya jiki." Kotizol kuma zan janye masa "sinadarin damuwa", in kira shi da sunansa kawai. Likita, ranar Alhamis muke ɗauka, ƙarfe huɗu, in da hali ka leƙo.