Karena ya ƙi zama a gida, don Allah a taimaka da shawara

Salam 'yan group. Ina da kare na gadi, ruwa biyu ne da irin karen Turawa da ake kira Alsatian, bai kai shekara biyu ba. Bayan gidanmu gefe ɗaya katangar bulo ce, ɗaya gefen kuma wayar raga muka ja saboda kuɗin gini bai samu ba tukuna. To kwanan nan kusan kullum da asuba sai mu tashi babu shi, sai rana ta ɗaga ya dawo duk jikinsa ƙura, kuma maƙwabta sun fara magana don yara 'yan Islamiyya na bin layin, wallahi hankalina a tashe yake kar ya ciji ɗan wani. Na gwada sarƙa amma kuka yake har gari ya waye. Me zan yi?

Wani daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa fara gano ta ina yake fita tukuna. Ka bi gindin wayar nan a hankali, in ka ga ƙasa a tone ko gashi ya maƙale a jikin waya to nan ne. Ka duba get ma, wasu da hanci suke ɗaga sakata.

Mai tambaya:
Na duba yanzun nan, akwai rami ta bayan tankin ruwa, har wayar ta lanƙwashe sama.

Wani mai aikin gini:
To magana ta fito. Kar ka ce za ka cike ramin da ƙasa, gobe zai tona gefensa. Ka sayo raga mai kauri ka ɗaure ta a ƙasan shingen, sai ka kwantar da sauran a ƙasa ta cikin gida kamar ƙafa biyu, ka rufe da ƙasa ka jera duwatsu ko fasassun bulo a kai. Shi kare daidai gindin shinge yake tono, da faratansa sun ci karo da waya zai haƙura. In da hali a zuba kankare layi ɗaya an huta. Sannan duk wani durom, benci ko tarin itace da ke jikin katanga a janye shi, don in ƙasa ta gagara sama zai koma, irin wannan kare kuwa shingen da bai kai ƙafa shida ba wasa ne a wajensa.

Wata daga Kaduna:
Ni sarƙar ce ta dame ni. Don Allah kar ka ɗaure shi kusa da shinge, in ya yi tsalle ya faɗa waje sarƙar na iya shaƙe shi. Kuma karen da ke wuni a ɗaure faɗa yake ƙarawa. Ka sa masa igiya ka zaga da shi da yamma ya gaji, ga ruwa ga inuwa, za ka ga bambanci.

Wani likitan dabbobi:
Malam tunda ka ce kwanan nan ya fara, ina kyautata zaton akwai karyar da ta shiga lokacin barbara a unguwarku, suna yin haka kamar sau biyu a shekara, sati biyu zuwa uku, kuma namiji na jin warin daga nesa. Fiɗiya tana rage wannan yawon sosai amma ba ta maye gurbin gyaran shinge, kuma ba za ta hana shi gadi ba. Abin da ya fi damuna shi ne cuɗanya da karnukan titi. An yi masa allurar ciwon hauka? Duk shekara ake sabuntawa, ko a nan gida cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos tana haɗa ta. In kuma ya taɓa cizon wani, Allah ya kiyaye, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 a wuce asibiti nan take.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Allurarsa ta kusa cika shekara, gobe in sha Allahu zan kai shi a sabunta mu yi maganar fiɗiyar. Maigida mai aikin gini, ragar nan wace iri zan ce a ba ni a kasuwa?

Mai aikin gini:
Ka ce mai kauri wadda aka yi wa walda, ba ta kejin kaji ba, waccan da haƙori zai yaga ta. Yau dai ka ɗora bulo a kan ramin, karen ya kwana a ɗaki.