Me ya hana Kasparov fasa kariyar Berlin ta wasan ces a Landan?

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum. Jiya da daddare na baza allon ces ɗina na bi wasan farko na karawar kambun duniya tsakanin Kasparov (fari) da Kramnik (baƙi) a Landan, 2000, inda baƙi ya buɗe da salon kariya da ake kira Berlin, taku bayan taku: 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bb5 Nf6 4.0-0 Nxe4 5.d4 Nd6 6.Bxc6 dxc6 7.dxe5 Nf5 8.Qxd8+ Kxd8. Nan na tsaya har shayina ya huce. Sarauniyoyi sun fita, sarkin baƙi ya rasa damar ɓuya, sojojinsa biyu sun jeru a layin c, fari kuma yana da sojoji huɗu a kan uku a ɓangaren sarki. A ganina fari ya gama da shi. Amma a taku na 25 suka tashi kunnen doki. Don Allah me na kasa gani?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ƙirga abin da baƙi ya rasa, ka manta da abin da ya samu. Bishof biyu ke hannunsa, fari ya ba da nasa mai bin fararen gidaje tun a c6. Sannan sojan nan na e5 ya yi gaba da wuri, ya bar f5 da e6 a buɗe. Huɗun da kake gani sai f4 da g4 sun taka kafin su yi amfani, baƙi kuwa da h5 yake tare su. Sarki a tsakiya ba abin tsoro ba ne tunda babu sarauniya. Duba yadda Kramnik ya lallaɓa da shi c8.

Hajiya Mai Doki:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai akwai dabara bayan allo. Ƙarfin Kasparov kai hari ne da sarauniya a fili, shi ya sa Kramnik ya kawar da ita tun taku na 8. Sau huɗu aka buga Berlin a karawar, duk canjaras. Kramnik ya ɗauki kambun da 8½ da 6½, Kasparov bai ci ko wasa ɗaya ba. Sai a gasar Astana ta Kazakhstan, 2001, ya fasa Berlin ɗin Kramnik.

Ɗan Gwale:
Na gode ƙwarai, Malam da Hajiya. Na mayar da allon taku na 8, na zauna ɓangaren baƙi, sai ga f5 ta fito mini fili. To ni da nake son hari, in riƙe sarauniyata da 4.d3 ke nan? Wa ya taɓa gwadawa?