Kwanan daji da yara: me kuke ce musu in dare ya yi?

Maman Ƴan Biyu, Sabon Gari

Assalamu alaikum ƴan uwa. Hutun lakwal na ƙarshen Disamba maigida na so mu kwashi yara mu je gonar kakansu ta wajen Mirya, kusa da Damagaram, mu kwana a bukkar gona. Yaran nan a gari suka tashi, ba su taɓa kwana inda babu wutar lantarki ba. Tun yanzu Hassana ta fara tambaya ko kura za ta zo. Waɗanda suka taɓa fita da yara, me suka tambaye ku, me kuka ce musu?

Ɗan Zengu

Wa'alaikumus salam Hajiya. Ni dai tun tasowata ban ga kura a gonakin Mirya ba. Abin da za ku ji da dare karnukan ƙauye ne, da jaki, da mujiya, wani lokaci dila daga nesa. Da na je da ɗana, tun kafin magariba na kama hannunsa muka zaga wurin: ga rijiya, ga rumbu, ga turken da aka ɗaure jaki, ga gawon da tsuntsaye ke kwana a kai. Cikin dare jakin ya kece da kuka, yaro ya zabura ya ƙanƙame ni. Na ce, "Wa ke nan?" Ya yi jim, ya ce, "Jakin Kawu ne." Ya koma ya kwanta. Ku isa da sauran rana. In kuka sauka cikin duhu, duk kututture mutum ne a idonsu.

Goggo ta Birni

Ai mu muke jawo wa kanmu, ɗiyata. Shekara da shekaru ana ce wa yaro "yi shiru ko dodo ya zo", "ga kura nan bayan gida", rana ɗaya a kai shi daji a ce masa babu komai. Wanne zai ɗauka? Jikata ta tsare ni a gindin wata tsamiya a hanyar Gidimuni, ta ce, "Kaka, da gaske a nan aljanu ke kwana?" Ban ce mata babu aljani ba, tunda a makarantar allo ta ji an ambace su. Na ce akwai su, amma ba mai iya taɓa ta sai da iznin Allah. Muka karanta Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, muka tofa a hannu muka shafe jiki. Sai na koya mata addu'ar wanda ya sauka a baƙon wuri: A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙa. Na ce ita za ta ja mana, mu amsa. Da safe har tambayar kawunta take ko ya yi tasa.

Majo, Magariya

Goggo ta yi gaskiya. Abin da ke damuna shi ne a ƙare hira a kan kura da dodo, a manta da masu zaman wurin na gaske: kunama, maciji, sauro. Tsoron waɗannan ba na cire wa yarana shi, doka nake mayar musu da shi. Ba tafiya ƙafa ba takalmi bayan magariba. Ba sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a zura ƙafa. Itacen wuta kuwa babba ne zai ɗebo, don lokacin sanyi a irin nan kunama ke laɓewa, kuma harbin da babba zai jure yana iya kayar da ƙaramin yaro.

Ɗiyata ta taɓa tambayata, "Baba, in maciji ya sare ni zan mutu?" Na ce mata maciji gudun mutum yake yi, yawanci sai an taka shi yake sara, shi ya sa muke haska fitila, in kuma ya faru akwai allurarsa a likita, aikinta kawai ta kira ni. Kububuwa da dare take fita, launinta na ƙasa ne, ba a ganinta da wuri. Manya ku riƙe wannan: ba a ɗaure wurin da igiya, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A kwantar da yaron, a hana ƙafar motsi, a cire zobe ko awarwaro, a nufi likita. Tun da rana ku san gidan likita mafi kusa, da wanda ke da babur a ƙauyen, ku karɓi lambar salularsa.

Sange kuma ku tafi da shi ko da sanyi ne, musamman in akwai tafki ko garka kusa. Ku soke gefensa ƙarƙashin tabarma, ya tare har da kunama. Zazzaɓin cizon sauro ba washegari yake nunawa ba, yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, saboda haka in jikin yaro ya yi zafi bayan kun dawo, a kai shi gwaji.

Mushe, Karkada

Ba duk tambayar ce ta tsoro ba. Nawa taurari suka ɗauke musu hankali, don a gari fitilu sun rufe su. A Disamba bayan isha'i Kaza da Ƴaƴanta na sama sosai, ki sa su ƙirga ƴan tsakin, gardama za ta ci rabin dare. In suka ga tauraro na tafiya a hankali ba ya ƙyaftawa, tauraron ɗan'adam ne. Mafi haskensu tashar sararin samaniya ce, wajen kilomita 400 a sama, tana zaga duniya cikin kusan minti 90. Babban nawa kuma ya tambayi abin da ya sa gawo ke da ganye da rani, da damina ya tuɓe. Saiwarsa ce ke kai wa ruwan ƙasa, kuma da yake yana zubar da ganye farkon damina, hatsi na samun taki ba ya rasa rana. Shi ya sa daga Mirya zuwa Matamai da Magariya manomi ke barin sa a tsakiyar gona.

Ɗan Tanut

Ku ƴan birni kun cika lallashi. Ƴaƴan makiyaya a waje suke kwana tun suna goye, wa ke yi musu bayanin jaki?

Goggo ta Birni

Su sun san kukan kowace dabba tun a bayan uwa, yaro. Kawo su kasuwar Dole ta Damagaram ranar Alhamis ka ga yadda ƙarar kabu-kabu za ta firgita su.

Yaya Babba, Garin Malam

Akwai damuwar da ba za su faɗa ba: bayan gida. Ɗiyar ƙanwata ta wuni ta ƙi cin tuwo, muna ta zaton baƙunta ce, ashe tsoro take kada ya kama ta da dare, ga duhu ga kunya. Da isarku ki ja su gefe ki nuna musu wurin, ki ajiye buta da fitila a bakin bukka, ki ce duk wanda ya matsu ya tashe ki, ba faɗa. Ki sa musu dogon wando saboda ƙarangiya, ki ɗauki bargo fiye da yadda kike zato, sanyin asuba a fili ba irin na cikin gida ba ne. Kuma komai sanyi kada a kwana da kaskon gawayi a bukka a rufe: iskarsa na kisa ba a ji wari ba, kara kuwa ba ya jiran wuta ta yi girma.