Me ya sa motsin yatsu a faifan linzamin laftof yake bambanta daga kamfani zuwa kamfani?

Ɗalibi:
Assalamu alaikum. A kan MacBook ɗin ofishinmu, laftof na kamfanin Apple, idan na ja yatsu biyu, shafi yana bin hannuna sumul, idan kuma na tura yatsu uku sama, sai duk tagogin da ke buɗe su baje. A laftof ɗin da na saya na hannu kuwa, mai Windows, sai na bi gefen dama na faifan da yatsa ɗaya kafin shafi ya gangara, yatsu uku kuma ba su yin komai. Shin doka ce ta hana sauran kamfanoni kwaikwayon Apple, ko kuwa daga kayan ne?

Mai Gyara:
Wa alaikumus salam. Malam, galibin masu ƙera laftof ba su ne ke yin faifan ba, sayowa suke yi daga Synaptics na Amurka, ko Elan na Taiwan, ko Alps na Japan, kuma kowannensu da direbansa, wato manhajar da ke haɗa faifan da Windows. A tsofaffin na'urori, faifan yana gabatar da kansa ga Windows a matsayin linzami ne kawai, saboda haka Windows ba ta san yatsu nawa ne a kai ba, direban ne ke fassara motsin yadda masu shi suka ga dama. Shi ya sa za ka ga laftof biyu na kamfani ɗaya, amma halinsu daban. Sai a 2013, da fitowar Windows 8.1, Microsoft ya kawo tsarin Precision Touchpad, inda faifan ke aika wurin da kowane yatsa yake kai tsaye, Windows ta yanke hukunci da kanta. A irin waɗannan, a Windows 10 da 11, yatsu uku sama suna nuna tagogi, ƙasa kuma suna kai ka kan fuskar farko ta kwamfutar, wato desktop. Daga bayaninka, naka ba ya cikinsu.

Malamar Shari'a:
Batun haƙƙin mallakar ƙirƙira yana nan, sai dai ana yawan kambama shi. Gaskiya ne Apple ya sayi kamfanin FingerWorks a 2005 tare da fasaharsa ta gane motsin yatsu, amma a shari'ar da aka fi sani kan wannan faifai, Apple aka kai ƙara. Elan ne ya shigar da ita a 2009 kan dabarar gane yatsu fiye da ɗaya, aka sasanta a 2012 bisa Apple ya biya dala miliyan 5. Irin wannan haƙƙi a Amurka shekara 20 yake yi, don haka na shekarun 1990 sun riga sun ƙare.

Mai Gyara:
Haka ne, Malama. Sumul ɗin da ɗalibin yake ji kuwa yana da nasaba da cewa Apple ne ke tsara faifan da manhajar tare. Tun 2008 ya koma faffaɗan faifan gilashi, a 2015 kuma ya fito da wanda ba ya lotsawa, ɗan girgiza ne ke sa ka ji kamar ka danna. Faifan roba ƙarami mai araha ba zai iya bin yatsu huɗu da kyau ba, ko wane direba aka sa masa. Kai kuma ɗalibi, ka buɗe saitin faifan a Windows 10. Idan tsarin Precision Touchpad ne, za ka ga an rubuta haka a sama, idan babu, nemi direban Synaptics ko Elan na samfurinka, domin sau da yawa jan yatsu biyu yana nan, a kashe kawai yake.