Wace kalma za mu ba "mato oput" a Hausa?

'Yan uwa masu fassara, ku taimaka mini. Ina aiki a kan labarin yaƙin arewacin Yuganda, sai na ci karo da "mato oput", al'adar ƙabilar Acoli. Na rubuta "sulhu" na goge, na rubuta "afuwa" na sake gogewa.

Ga yadda ake yi. Wanda ya yi kisa zai faɗi abin da ya aikata da bakinsa, danginsa su biya diyya. Sai a yanka tumaki, a daka saiwar itacen oput mai ɗan karen ɗaci, a jiƙa a ƙwarya guda. Dangin mamaci da dangin mai kisa su durƙusa, hannu a baya, su kafa kai su sha tare.

Maganar ko mato oput za a bi ko shari'ar kotu ta yi zafi ne tun 2005, da kotun duniya ta birnin Heg ta ba da sammacin kama Joseph Kony, madugun 'yan tawayen LRA, da kwamandojinsa huɗu. Dattawan Acoli da yawa suka ce sammacin zai hana 'yan tawaye fitowa daga daji, ga shi kuwa da yawan mayaƙan 'ya'yansu ne da aka sace suna ƙanana. Shi kansa Dominic Ongwen, ɗaya daga cikin kwamandojin huɗu, yana yaro aka ɗauke shi a hanyar makaranta. A 2021 kotun ta same shi da laifi 61, ta ɗaure shi shekara 25.

"Afuwa" ba ta zauna mini ba, don gwamnati ke bayar da ita, kamar dokar da Yuganda ta yi a 2000, kuma ba a tambayar uwar mamaci. "Diyya" rabin aikin ce kawai. "Sulhu" shi kaɗai ya yi taushi, ko rikicin iyakar gona ai sulhu ake yi.

Ni dai na tsaya a kan "sulhun shan ɗaci". Duk Bahaushen da ya ji an ce wance ta sha ɗaci, ya san abin da ke ranta kafin a kawo ƙwaryar.

Amma don Allah kada mu yafa wa kowane zaman sasanci wannan suna. Al'adar tana bukatar a san wa ya kashe wa. A sansanin 'yan gudun hijira na Barlonyo, inda 'yan tawayen suka hallaka ɗaruruwan mutane rana ɗaya a Fabrairun 2004, wa zai durƙusa da wa?

Malamai na Nijar da na Sakkwato, ya kalmar ta faɗa a kunnenku?